Likita a Ƙauye: Abin da Tarihi Ya Nuna Game da Renon Ɗaliban Likitanci

Gabatarwa

Duk faston da ya yi aiki a ƙauye ya san cewa hidimarsa ba ta ƙare da wa'azin ranar Lahadi ba. Shi ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta yi tsawo, ko kububuwa ta sari manomi, ko zazzaɓi ya sanƙarar da yaro. Shi yakan nemo mota, ya tara kuɗin mai, ya raka marar lafiya zuwa asibitin ƙaramar hukuma. Sau da yawa akan isa a tarar da gini da gadaje, amma babu likita, sai a ce a wuce babban birnin jiha. Wasu sukan kai da rai, wasu sukan cika a hanya, kuma faston nan ne zai yi jana'izar.

Wannan damuwa ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke zaune, amma likitocin da ke aiki a can ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na dukan likitoci ba.

A wannan darasi za mu bi tarihin ƙoƙarin da aka yi a Nijeriya, da wasu ƙasashe kaɗan, don a sa ɗaliban likitanci su so aikin karkara. Za mu ga cewa likitan da zai zauna a ƙauye tun yana ɗalibi ake samunsa. Abin da ya fi tasiri a kansa shi ne inda ya tashi, da inda aka koyar da shi, da irin likitan da ya gani yana aikin. Doka tana iya kai shi ƙauye na shekara guda, amma ba ta iya zaunar da shi. Daga ƙarshe za mu duba rabon ikilisiya a wannan aiki.

1. Zamanin likitan da ya zo daga nesa

Asibitocin farko na gwamnatin mulkin mallaka an gina su ne domin sojojinta da ma'aikatanta, saboda haka suna garuruwan da ke da bariki, irin su Lakwaja da Zungeru da Kaduna. Daga baya hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, inda malamin asibiti yake ba da magani yana wanke miki. Amma cikakken likita da ya zauna a ƙauye shekara da shekaru, a yawancin wurare ɗan mishan ne. Wani dalilin haka shi ne gwamnati ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin biranen sarakuna, sai suka kafa tashoshinsu a karkara.

Andrew Stirrett na SIM ya iso a 1902. Asalinsa mai haɗa magunguna ne a Toronto ta ƙasar Kanada, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani, ya kuma rasu a Jos a 1948. Dokta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya daga 1905, daga bisani aikin ya koma Wusasa. Dokta Niels Bronnum daga Denmak ya sauka Numan a 1913. Dokta Percy Barnden na SUM ya fara aikin asibiti a Vom a 1922. Dokta Homer Burke ya iso Garkida a 1924, shekara guda bayan Stover Kulp da Albert Helser sun kafa tashar. An buɗe asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, na Egbe kuma a 1952. Aikin ya ci rayuka. A 1969 wata cuta da ba a san ta ba ta kashe ma'aikaciyar jinya Laura Wine, wadda take aiki a Lassa, daga nan cutar ta samo sunanta. A 1970 ita ce kuma ta kashe Dokta Jeanette Troup a Jos.

Ya kamata mu lura da abin da ya zaunar da waɗannan likitoci. Suna da tabbacin kira. Amma ban da kira, akwai ikilisiyoyi a ƙasashensu da suke biyan kuɗin zamansu, suna aiko da magani da kayan aiki, suna rubuto musu wasiƙu, suna shirya makarantar 'ya'yansu, suna ba su hutu bayan 'yan shekaru. Likitan mishan bai zauna a ƙauye shi kaɗai ba, akwai jama'a da yawa a bayansa.

Raunin tsarin kuwa shi ne likitan daga waje yake zuwa. Asibitocin mishan sun horar da malaman asibiti da nas-nas da ungozomomi masu yawa, kuma su ne suka riƙe aikin yau da kullum. Amma kai ɗan ƙauye har ya zama likita abu ne da ba a cika yi ba, domin makarantun sakandare masu koyar da kimiyya kaɗan ne a Arewa a lokacin. Saboda haka duk ranar da baƙon likita ya koma gida, kujerarsa takan zauna ba kowa har sai an aiko wani.

2. Likitocin farko 'yan ƙasa da jan birni

Gwamnati ta buɗe makarantar likitanci a Yaba, Legas, a 1930. Waɗanda suka gama ta mataimakan likita ake kiransu, albashinsu da matsayinsu ƙasa da na takwarorinsu da suka yi karatu a Ingila. Wannan ya sa 'yan boko na lokacin suka ƙi tsarin, suka nemi a ba su ilimi daidai da na Turai. A tsakiyar shekarun 1950 an buɗe irin wannan makaranta a Kano, amma ba ta daɗe ba aka rufe ta. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ta bi manhajar Jami'ar Landan, aka kuma buɗe babban asibitin koyarwarta a 1957.

Likita na farko daga Arewacin Nijeriya, Dokta Barau Dikko, yaron Wusasa ne, ya yi karatunsa a Jami'ar Birmingham. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ma ta makarantar Wusasa ya bi. Wannan ya nuna cewa inda aka ɗauki yaro da muhimmanci tun yana ƙarami, likita yakan fito. Sai dai da yake su kaɗan ne, ƙasa ta jawo su zuwa manyan ayyuka. Dikko ya shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma zama kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon. Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba laifinsu ba ne, ƙasar tana bukatarsu a can. Amma ƙauye ya ci gaba da jira.

Akwai wani abu kuma game da yadda ake koyarwa. Ɗalibin da ya shekara shida a babban asibitin koyarwa ya saba da ɗakin gwaji, da hoton ƙashi, da ma'ajiyar jini, da ƙwararren da zai kira idan abu ya gagare shi. Malamansa duka ƙwararru ne a fanni guda, su yake gani ana girmamawa, su yake so ya zama. Idan aka ce ya tafi inda shi kaɗai ne likita, babu wuta, babu mai ba shi shawara, ga mace tana zubar da jini a gabansa, abin da yakan kama shi tsoro ne. Mukan ɗauka cewa raini ne yake hana matasan likitoci zuwa ƙauye. Sau da yawa ba a koya musu yadda za su yi aiki a irin wurin ba ne.

3. Kai ɗalibi inda jama'a suke

Malaman Ibadan sun gane wannan da wuri. A 1963 jami'ar ta fara Shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora, tare da gwamnatin Yankin Yamma da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Farfesa Theophilus Ogunlesi ne ya fara shugabantarsa. Ɗalibai sukan bar Ibadan su zauna a Igbo-Ora na makonni, su shiga gidaje, su ƙirga haihuwa da mutuwa, su ga rafin da ake ɗiban ruwa, su gane dalilin da kurkunu yake kwantar da manoma a lokacin aikin gona. A asibitin koyarwa ɗalibi yana ganin cuta bayan ta tsananta. A Igbo-Ora ya ga inda take farowa.

'Yan shekaru kafin wannan, Dokta David Morley na asibitin Methodist da ke Ilesha ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile daga 1956. Ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda nas-nas da ungozomomi suke gudanarwa, ya kuma tsara katin awon nauyin yaro da uwa take riƙewa a gida. Katin da matanmu suke kaiwa awo a yau daga wannan aiki ya samo asali. Darasin da ɗalibai suka ɗauka shi ne, a ƙauye ma ana iya gano abin da duniya za ta koya.

A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likitanci a 1967. Asibitocinta sun haɗa da na Zariya da Kaduna da Malumfashi, Farfesa Umaru Shehu kuma ya jagoranci sashen kula da lafiyar al'umma. Malumfashi ta zama wurin da ɗalibai suke ganin aikin karkara, da wurin binciken cututtukan da suka addabi manoma. Ɗaya daga cikin malaman Zariya, Farfesa Eldryd Parry, ya koma Ilorin a 1977 ya zama shugaban farko na sabuwar makarantar likitanci. Ilorin ta ƙara mataki guda. Maimakon a jira sai shekarar ƙarshe, tun daga farkon karatu ake tura ɗalibai rukuni rukuni su zauna a ƙauyuka, su sake komawa a shekarun da ke biye.

Wannan al'ada tana nan har yau. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana da cibiyoyi a Gindiri da Zamko, na Zariya yana da Yakawada, na Kano yana da Kumbotso. Gani ya kori ji, kuma likitoci da yawa a irin waɗannan wurare suka fara sanin yadda talaka yake rayuwa. Amma makonni kaɗan cikin shekara shida ba su isa su canja zuciyar kowa ba. Idan masaukin ya lalace, ba ruwa, malamin da ya kamata ya kula da su kuma ya koma birni tun da rana, ɗalibi yakan dawo da ƙudurin cewa ba zai sake taka ƙauye ba. Zaman karkara marar kyau ya fi rashinsa ɓarna.

4. Doka, da karɓe asibitoci, da ma'aikacin lafiya na ƙauye

A watan Mayu na 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima. Ta wannan hanya ƙananan hukumomi da yawa suka ga likita a karon farko. Amfanin shirin a fili yake, kuma akwai iyalai da dama da suke da rai yau saboda wani matashin likita mai hidimar ƙasa. Iyakarsa ita ma a fili take. Likitan sabo ne, bai daɗe da gama shekarar gwajin aiki ba, sau da yawa ba ya jin harshen wurin, ba shi da babba a kusa. Kafin ya san mutane, su ma su amince da shi, shekara ta cika, ya ɗaure kayansa.

A cikin shekarun 1970 ɗin nan ne gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan da dama, har da na Garkida da Lassa, likitocin waje kuma suka yi ta raguwa. A 1973 ikilisiyoyi suka haɗu suka kafa ƙungiyar CHAN don asibitocin da ke hannunsu su taimaki juna. Tambayar da ta fuskanci kowa ita ce, wa zai maye gurbin waɗanda suka tafi?

Amsa ɗaya ta fito daga Garkida. Shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas ya sa kowane ƙauye ya kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a horar da su na 'yan watanni, su koma gida suna maganin zazzaɓi da gudawa, suna koyar da tsabtar rijiya da abincin yara ta hanyar labarai da wasan kwaikwayo. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ƙauye ya zaɓa, gonarsa da iyalinsa suna nan, ba ya gudu. Irin wannan tunani ne taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaukaka, lokacin da ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, ya haɗa su da makarantun likitanci da na ma'aikatan lafiya don malamai da ɗalibai su sa hannu.

Duk da haka ma'aikacin lafiya na ƙauye yana da iyaka. Ba zai yi wa mai doguwar naƙuda tiyata ba, ba zai ɗinke hanjin da taifot ya huda ba. Idan ya tura marar lafiya gaba, dole a sami likita a inda ya tura shi. In babu, jariri yakan mutu a ciki, uwar kuma in ta rayu takan koma gida da yoyon fitsari.

5. Waɗanda suka zauna

A farkon shekarun 1980 aka fara horar da likitoci a wani fanni da yanzu ake kira likitancin iyali. Dokta Andrew Pearson, wanda ya daɗe a asibitin Ilesha, yana cikin waɗanda suka tsara shi. Manufar ita ce a sami ƙwararren da zai iya duba yaro da tsoho, ya karɓi haihuwa mai wuya, ya yi tiyatar gwaiwa, ya kuma tafiyar da ƙaramin asibiti. Asibitocin ikilisiya, irin su Evangel a Jos da na Baptist a Ogbomosho, suna cikin wuraren farko da aka yi wannan horo, domin a can ake yin irin aikin kullum. Muhimmancin wannan shi ne ya ba likitan karkara matsayi. Matashi zai iya zaɓar aikin gunduma ba tare da ya ji abokan karatunsa sun bar shi a baya ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Dokta Oluyombo Awojobi. Ya gama Ibadan a 1975, ya ƙware a tiyata, yana da damar zama a asibitin koyarwa. A 1983 ya koma Eruwa, a ƙasar Ibarapa, yankin da jami'arsa take tura ɗalibanta. A 1986 ya buɗe asibitinsa a garin. Da ya ga kayan waje sun fi ƙarfin aljihun manoma, sai ya haɗa kai da maƙera da masu walda na wurin. Ya yi gadon tiyata da jak ɗin mota, ya yi injin awon jini da ƙafar keke, yana dafa kayan tiyata da totuwar masara, yana haɗa ruwan ƙarin da ake sa wa marasa lafiya. Ya rubuta sakamakon aikinsa a mujallun likitoci, ɗalibai da matasan likitoci kuma suna zuwa koyo a wurinsa har ya rasu a 2015. Ɗalibin da ya yi mako biyu kusa da irin wannan mutum ya ga abin da lacca ba za ta nuna masa ba, wato ana iya yin aiki mai kyau a ƙauye, a kuma yi shi da farin ciki.

6. Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Bari mu leƙa waje kaɗan, domin wasu sun gwada hanyar da ba mu cika bi ba, wato zaɓen ɗalibin tun daga ƙauyen.

A Indiya, Dokta Ida Scudder ta fara aikin magani a Vellore a 1900, ta buɗe makarantar likitanci ta mata a 1918. Da makarantar ta girma, ikilisiyoyi suka riƙa gabatar da ɗalibansu, su kuma ɗaliban suna alkawarin aƙalla shekara biyu a asibitin da ikilisiyar ta nuna. Ta haka asibitocin mishan na karkarar Indiya da yawa suka ci gaba da samun likitoci bayan Turawa sun tafi. Rajanikant Arole da matarsa Mabelle, waɗanda suka kafa sanannen shirin lafiyar karkara na Jamkhed a 1970, a Vellore suka yi karatu.

Japan ta kafa makarantar likitanci ta Jichi a 1972. Kowane lardi yakan aiko da ɗalibai biyu ko uku, a yafe musu kuɗin makaranta, su koma lardinsu su yi aiki shekara tara, wani ɓangare a tsibirai da ƙauyukan tsaunuka. A Amurka, Kwalejin Jefferson ta fara a 1974 tana ware gurbi ga ɗaliban da suka tashi a karkara, suke kuma da niyyar komawa. Bayan shekaru fiye da ashirin aka bincika, aka tarar waɗannan ɗalibai kashi 1 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka gama makarantun likitanci na jihar Pennsylvania, amma su ne kashi 21 cikin 100 na likitocin iyali na karkara da suka fito daga makarantun. A Afirka ta Kudu, Dokta Andrew Ross na asibitin Mosvold ya fara a 1999 yana zaɓen yara daga makarantun yankin, a biya musu karatu, a riƙa bibiyarsu, su yi aikin hutu a asibitin, su dawo su yi aiki gwargwadon shekarun da aka tallafe su.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan shaidu a 2010, shawarar da ta fi samun hujja ita ce a ɗauki ɗalibai 'yan asalin karkara. Ta ƙara da cewa a koyar da su a karkara, a biya su abin da ya dace, a kuma gyara musu wurin zama da wurin aiki. Babu ɗaya daga ciki da take isa ita kaɗai.

7. Rabon ikilisiya

Fasto ba ya ɗaukar ɗalibai a jami'a, ba ya tura likitoci aiki. Amma kusan duk abin da tarihin nan ya nuna yana wucewa ta ƙofarsa.

Na farko, neman yaran. Ɗan ƙauye yakan faɗi tun kafin ya kai ƙofar jami'a, saboda makarantarsa ba ta da malamin kimiyya, ko iyayensa sun kasa biyan kuɗin jarrabawa. Fasto da malaman makarantar Lahadi sun san yaro ko yarinyar da ke da kai. Daga ajin farko na babbar sakandare zuwa gama hidimar ƙasa shekara goma sha ɗaya ne aƙalla: uku a sakandare, shida a jami'a, ɗaya ta gwajin aiki, ɗaya ta hidimar ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a manta da 'yan mata, domin mata da yawa a ƙauyukanmu sukan ɓoye ciwonsu har sai sun sami mace 'yar'uwarsu.

Na biyu, tallafi mai alkawari. Gunduma ɗaya tana iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya. A rubuta yarjejeniya a fili tun farko, da shekarun da zai yi, da inda zai yi su, da albashin da za a ba shi. A sa wani dattijo ya riƙa tuntuɓarsa kowane zango. Tallafin da aka ba ɗan wani babba a ɓoye ba ya haifar da likitan ƙauye.

Na uku, hutun ɗalibai. Yanzu ikilisiyoyi suna da jami'o'insu masu koyar da likitanci, kamar Bingham ta ECWA da Bowen ta Baptist, ga kuma 'ya'yanmu a jami'o'in gwamnati. Shugabanni za su iya shirya musu makonni a asibitin karkara inda akwai likita mai son koyarwa, da ɗaki mai tsabta, da abinci.

Na huɗu, karɓar baƙo. Likitan da aka turo garinmu, ko Kirista ne ko Musulmi, yana bukatar gida mai ruwa, da wanda zai koya masa gaisuwar wurin, da makaranta ga 'ya'yansa, da tabbacin cewa jama'a suna sa ido a kan lafiyarsa. A inda ake fama da satar mutane, a faɗa masa gaskiya, a kuma zauna da sarki da limami da shugaban ƙaramar hukuma a kan tsaronsa. Abin da ikilisiyoyin Turai suka yi wa likitocinsu ke nan, yanzu ya zama namu.

Na biyar, albashi. Asibitin ikilisiya da yake riƙe wa ma'aikaci albashin watanni, yana ce masa ya yi haƙuri aikin Ubangiji ne, yana koya wa ɗaliban da ke kallo cewa su nemi wani wuri. Bulus ya koyar cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa, likita ma yana ciki.

Na shida, wanda muke yabo. Matasa suna lura da wanda ake kira gaba a ranar godiya. Idan kullum wanda ya sami aiki a Ingila ko Saudiyya ake tafa wa, wanda ya shekara goma a asibitin gunduma kuma ana tambayarsa yaushe zai ci gaba, to sun ji wa'azin. Iyayen da suka sayar da shanu don karatun ɗansu suna da haƙƙin sa rai, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa wanda ya tafi laifi daga kan bagadi. Aikin fasto shi ne ya zauna da iyalin tun ɗalibin yana aji uku ko huɗu, a tattauna bukatun gida da bukatar jama'a tare, kafin shawarar ta zama ta gaggawa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Daga ikilisiyarku zuwa asibiti mafi kusa da ake iya yin tiyatar haihuwa da dare, tafiyar awa nawa ce da damina? Likitoci nawa ne a wurin, kuma shekara nawa mafi daɗewarsu ya yi?

2. Waɗanne abubuwa ne suka zaunar da likitocin mishan a ƙauye ban da kira? Wanne daga ciki gundumarku za ta iya yi a bana?

3. Me ya bambanta shirin hidimar ƙasa da tsarin Vellore ko na Mosvold, alhali dukansu suna da wajibcin aiki?

4. Ku rubuta sharuɗɗa biyar da za ku sa a yarjejeniyar tallafin karatu, waɗanda za su yi adalci ga ɗalibin da kuma ikilisiya.

5. Wani ɗalibin likitanci ya ce yana so ya dawo gida ya yi aiki, mahaifinsa kuwa dattijon ikilisiya ne, yana so ya fita waje ya taimaki ƙannensa. Yaya za ku bi da zancen?